Shaidar da Na Hana Talatu

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya san abin da na ɓoye tun kafin in buɗe baki. Ku 'ya'yana da jikokina kun taso kuna jin ana cewa duk unguwarmu ta Tsafe ba a yi maƙwabciya kamar Inna Kulu ba. Ranar sunan jikana ɗan Musa ma sai da wata ta maimaita haka a tsakar gida, kuna ta murmushi, ni kuwa na shige ɗaki na yi kuka. Kuka ce mijina marigayi Malam na tuna. Ba shi na tuna ba. Ban san baƙi ba, ban san boko ba, shi ya sa na sa jikata Safiya ta zauna da biro, na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini hali a takarda.

Shekarun da muka yi a Tsafe, Malam yana ɗinki a bakin kasuwa, ni kuma ungozoma ce. Rabin yaran unguwar a hannuna suka faɗo. Gidan da ke jikin katangarmu na wani Inyamuri ne da kowa ke kira Mai-Kemis, saboda shagon maganinsa. Ya zo Tsafe tun yana saurayi, ya sha barin abincinsa ya je duba marar lafiya bai karɓi komai ba, kuma a Tsafe ya mutu, a nan aka binne shi. Matarsa Rosa tana sayar da garin kwaki da manja. Ranar da naƙuda ta kama ta, tsakar rana ce, mijin ya tafi Gusau saro magani, babu mota babu kowa. Ta katanga na ji nishinta na zagaya. Ni na karɓi yarinyar, na yanke cibi, na binne mabiyiya a bayan ɗakinsu. Uwar Rosa tana can ƙasarsu mai nisa, saboda haka ni na yi mata wankan jego har kwana arba'in, ina dama mata kunun kanwa tana sha tana yatsine fuska. Sun raɗa wa yarinyar sunan yarensu a coci, amma ni Talatu na kira ta don ranar Talata ta zo, sunan kuwa ya bi ta har makaranta.

Safiya ta zo hannuna yaye bayan wannan da kaɗan, iyayenta suka bar mini ita. Ita da Talatu a kwano ɗaya suka ci tuwo, zani ɗaya na goya su. In an yi Sallah Talatu ce ke fara zuwa ƙunshi, in an yi Kirsimeti Safiya ce ke dawowa da shinkafa a leda tana ɓoye wa Malam naman. Tare suka yi firamare da sakandare, tare suka samu kwalejin horon malamai a Gusau. Talatu ta fi Safiya ƙwaƙwalwa, wannan kowa ya sani, Safiyar ma ba ta musu.

Shekarar da za su gama ita ce shekarar da Malam ya rasu, ana cikin girbin gero. Na shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma ba kwalliya, ba turare, ba fita sai dole, magana ƙasa-ƙasa. Rosa, da ta riga ni sanin zafin rashin miji, kullum sai ta rufe rumfarta da hantsi ta zo ta zauna da ni. Ba ta cika magana ba. Ta tsince mini wake, ta share ɗaki, in na fara kuka ta bari sai na gama ta miƙo mini ruwa. A cikin wannan zama ne wata rana ta gaya mini ƙaramar hukuma za ta ɗauki sababbin malaman firamare daga cikin masu gamawa, ana rubuta sunaye tun yanzu, amma sai mai takardar shaidar asalin gari, wadda yara ke kira indijin. Ta je wurin mai unguwa. Shi kuwa don yana ganin girman Mai-Kemis, ya ce yarinyar da aka haifa nan, uban da aka binne nan, ba zai hana ta sa hannunsa ba. Sai dai da yake a gida aka haife ta, babu takardar asibiti, yana son ungozomar da ta karɓe ta ta faɗa da bakinta, don in na sama sun tambaye shi ya sami abin dogara.

"Zai aiko, Inna," in ji Rosa. "Ki faɗa masa kawai."

"Wanga ai ba abin roƙo ba ne, Maman Talatu," na ce mata. "Ɗiyata ce."

Kwana biyu bayan haka Alhaji Bala, ƙanin Malam, ya zo. Shi ne mai sayen hatsi a kasuwa, kuma tun rasuwar shi ke aiko mana da cefane. Ya tsaya daga bayan labule ya gaishe ni, ya daɗe yana zagaye-zagaye kafin ya iso. Ya ce ya ji labarin a majalisa. Gurabun ba su da yawa, daga unguwarmu da ƙyar a ɗauki fiye da ɗaya, kuma in aka ajiye takardun Talatu kusa da na Safiya na san wadda za a ɗauka. Ya ce yanzu Malam ba ya nan, keken ɗinki ba zai ɗinka kansa ba, albashin Safiya ne zai riƙe ni. Na ce masa ni ba zan yi ƙarya ina cikin takabar mijina ba.

"Wa ya ce ki yi ƙarya, Yaya?" ya ce. "Mai takaba ba ta magana da maza. Ki yi shiru kawai. Kafin ki fita an rufe sunaye."

Ba zan ɗora wa Alhaji Bala ba, ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya gafarta masa. Bai zare mini ido ba, bai ce zai janye cefane ba. Ya ajiye maganar ne kawai ya tafi, ni na ɗauka. Da ɗan aiken mai unguwa ya yi sallama a zaure, na tura a ce masa ina takaba, ba na magana da namiji. Alhali a ranar nan na yi magana da mai ruwa, na yi da Alhaji Bala, na yi da malamin da ke zuwa yi wa Malam addu'a. Na ce a raina shi ke nan, ban faɗi ƙarya ba, al'ada ce ta rufe mini baki.

Mai unguwa mutum ne mai haƙuri. Washegari sai ga matarsa, Hajiya Asabe, ta shigo har ɗaki, ta zauna a kan tabarmar da Rosa ke zama. Ta yi mini gaisuwa, ta ce maigidan ya ce tunda ba a magana da maza, ga mace ya aiko, abin da na faɗa mata ya wadatar. Ta tambaye ni a fili: ni na karɓi haihuwar Talatu, a gidan nan na Tsafe? Labulen da na ɓuya a bayansa ya yaye. Ina riƙe da carbin Malam a hannuna. Na dubi ƙasa na ce:

"Hajiya, haihuwar da na karɓa tana da yawa. Ga shekaru, ga wannan rashi. Ba zan iya rantsuwa ba. Kamar dai da goyonta suka dawo daga ƙasarsu."

Hajiya Asabe ta daɗe tana kallona. Ita ma ta san gaskiya, ta zo barka, ta ci naman suna. Amma ba ita aka ce ta ba da shaida ba. Ta ce to, Allah Ya ba da haƙuri, ta gyara mayafinta ta fita. Mai unguwa ya gaya wa Rosa shaida ba ta cika ba, bai ƙara komai ba. Rosa ta ci gaba da zuwa da hantsi tana tsince mini wake har na fita takaba. Sau ɗaya na tambaye ta labarin takardar, don kada shiruna ya yi yawa. Ta ce ba a samu ba, ba ta ɗago kai ba.

Da na fita, Musa babban ɗana ya ce ba zan zauna ni kaɗai ba, ya kwaso ni zuwa gidansa a Bungudu. Na yi murna da tafiyar, kuna tsammanin don jikoki ne. Katangar nan ce ba na son gani.

Ina Bungudu da kamar wata biyu Safiya ta aiko cewa za su zo ranar Asabar ita da ƙawayenta uku, aikin makaranta ne. Malaminsu ya raba su rukuni-rukuni, ya haɗa kowane rukuni da yare daban-daban, ya ce kowa ya faɗi abin da mutanensu ke kira ɗan ƙasa nagari, su gwada su ga inda suka haɗu da inda suka rabu, sannan su nemi wani dattijo ya raba musu gardama. Rukunin su Safiya suka zaɓe ni. Na so in ce ba ni da lafiya, amma matar Musa ta riga ta jiƙa waken ƙosai.

Suka iso da hantsi a mota daga Gusau. Safiya, da Talatu, da wata Bafulatana doguwa mai suna Dijo daga wajen Wanke, da Bose, Bayarbiya da iyayenta ke sayar da atamfa a Gusau. Talatu ce ta fara shigowa, ta faɗa jikina tana cewa na rame, matar Musa ba ta iya miyar kuka irin tawa ba ne. Ta kawo mini sabulu da man zafi na gwiwa. Aka shimfiɗa musu tabarma a inuwar rumbu, aka ajiye ƙosai da kunu, suka buɗe littattafai.

Dijo ta fara. Ta ce a wurinsu mutumin kirki shi ne mai kunya da juriya, wanda ba ya kukan yunwa a gaban mutane, ba ya ci a gaban surukai, kuma in shanunsa suka shiga gonar wani shi zai fara zuwa ya faɗa kafin a nemo shi. Tana maganar tana kai ƙosai baki, Safiya ta tambaye ta to ita a wane layi za a sa ta, tunda rabin kwanon ya tafi ta gefenta. Dijo ta ce ai nan ba gidan surukanta ba ne. Bose ta ce su kuwa tun daga gaisuwa ake gane mutum, da yadda yake tsare sunan gidansu, da fitowa in an kira aikin gayya ko taron unguwa, wanda ya ɓuya a ɗaki ranar gyaran kwalbati ba a kiransa da kirki ko da ya haddace littafi. Dijo ta ce ta ga gaisuwar tasu, kafin a gama gwiwa ta kumbura. Safiya ta kawo haƙƙin maƙwabci yadda aka koya musu a Islamiyya, ta ce ba sai mai addininka ba, duk wanda hayaƙin murhunka ke isa gidansa yana da rabo a tukunyarka. Tana faɗa tana nuna ni da biro, wai ga misali a zaune.

Suka yi ta ja-in-ja. Bose ta ce kunyar su Dijo ba za ta gyara hanya ba, Dijo ta ce taron su Bose surutu ne da shinkafa. Sai aka zo kan Talatu. Ta ce uwarta ta gaya mata a garinsu mutumin kirki shi ne wanda duk nisan inda ya je neman abinci ba ya mantawa da gida, yana zuwa jana'iza, yana sa hannu a ginin makaranta, sunansa yana cikin littafin taron 'yan gari. Ta ɗan yi dariya.

"Ni dai sau biyu na taɓa zuwa can," ta ce. "Bahaushiya suke kirana, in na yi yaren su yi ta dariya. Nan kuma an ce shaidata ba ta cika ba. Ku rubuta na Mama, nawa sai na gano garin tukuna."

Safiya ta ce laifin mutanen ofis ne, ba su da imani. Bose ta ce haka aka yi wa yayanta. Ba wadda ta dube ni. Talatu ta matso da wayarta kusa da bakina don ta ɗauki muryata, ta ce to Inna, ke ce alƙali, mi kika gani.

Har yau ina ganin niyyar faɗin gaskiya ce ta buɗe mini baki, don abin da ya fito shi ne:

"Mutumin kirki a gari shi ne wanda in aka tambaye shi abin da idonsa ya gani, zai faɗa, ko da nasa ne zai rasa."

Saura in ce, ni kuwa ban yi ba. Kalma biyar. Na ja numfashi zan faɗa, sai Dijo ta tafa hannu ta ce wannan ya haɗa nasu duka, ga mai shanu da ke kai kansa, ga mai fitowa taro, ga maƙwabci. Suka duƙufa suna rubutawa. Talatu ta sa na maimaita don wayar ba ta ɗauka da kyau ba, na kuwa maimaita. Daga baya Safiya ta gaya mini rukuninsu ne ya zo na ɗaya, malamin ya rubuta maganata a allo da sunana a ƙasa, ya sa 'yan aji suka kwafa. Yanzu haka akwai malaman makaranta a jihar nan da ke da maganar Inna Kulu a tsohon littafinsu.

Aka ɗauki Safiya aiki. Talatu ta yi shekara tana koyarwa a wata makarantar kuɗi da albashin bai kai na mota ba, rumfar Rosa kuma ta ja baya, dangin Mai-Kemis suka matsa su koma gida. Ranar tafiya suka biyo ta Bungudu, ko da yake ba hanyarsu ba ce. Talatu ta shigo ita kaɗai, ta ce Mama tana mota, ƙafarta na ciwo. Muka yi kuka, na ɗaure mata kuka da daddawa da ƙuli-ƙuli, ta ce wa zai yi mata wankan jego in ta haihu a can. Da ta shiga yi wa matar Musa sallama, na ja mayafi na fita bakin titi. Rosa tana zaune a gaban motar da kayansu ɗaure a sama. Na gaishe ta, ta amsa yadda ta saba. Na fara cewa Allah Ya kiyaye hanya, sai ta kama hannuna ta tagar.

"Hajiya Asabe ta faɗa mini tun ranar, Inna," ta ce. "Ban gaya wa yarinyar ba, ba kuma zan gaya mata ba. Ba ta da uba, ba ta da gari. Ki bar mata Innarta."

Wato duk waken da ta tsince mini a sauran takabata, da sani ta tsince shi. Ban ce ta yafe mini ba, don Talatu ta fito tana ɗaga mini hannu. Motar ta tashi.

Na riƙe maganar Rosa shekara da shekaru, kuma ba zan ɓoye muku ba, ta yi mini daɗin riƙewa, don ta zo daidai da tsorona. Talatu ta yi aure a can, ta haifi uku, tana sayar da kaya a shago, ba ta ƙara shiga aji ba. Duk Sallah, ƙarama da babba, sai ta kira wayar Musa ta ce a ba Inna, ta yi mini barka da Hausarta ta Tsafe da ba ta canza ba, ta sa yaranta su ce mini Kaka. Bara ta kira ba Sallah ba, ta ce Mama ta rasu. Na zauna na lissafa, mai unguwa ya tafi, Hajiya Asabe ta tafi, Alhaji Bala ya tafi, Rosa ta tafi. Saura ni kaɗai na san dalilin da ya sa yarinyar nan take ganin garin da aka haife ta ne ya ƙi ta. In na mutu da shi, za ta mutu tana zargin Tsafe gaba ɗaya, alhali mace ɗaya ce.

Safiya na fara gaya wa. Ta yi kwana uku ba ta shigo ɗakina ba, kuma ban ga laifinta ba, don na sa mata ɗaci a albashin da ba ita ta sata ba. A rana ta huɗu ta zo da waya ta ce in na shirya. Ta kira, Talatu ta ɗauka da murna tana tambayar gwiwata. Na ce ta nemi wuri ta zauna. Na faɗa mata duka, da labulen, da carbin, da abin da na ce wa Hajiya Asabe, da abin da uwarta ta ce mini a bakin titi. Ban sa sunan Alhaji Bala ba. Na ce ni na karɓe ki da hannuna a Tsafe, ranar Talata da tsakar rana, na gani da idona, kuma da aka tambaye ni na ce ban tuna ba. Ina jin hayaniyar kasuwarsu ta cikin wayar.

"Mama ta sani?" ta ce. "Duk shekarun nan?"

Na ce ta sani.

"To, Inna. Zan kira ki."

Ƙaramar Sallah ta zo ta wuce, babba ma ta wuce. Ranakun nan biyu na sa Musa ya bar mini wayarsa a kan tabarma tun daga saukowa idi har magariba, duk wanda ya kira sai in ɗauka da sauri, kuma ba ita ba ce. Musa ya ce bari ya kira ta ya yi mata faɗa, tsohuwa ta nemi gafara ai sai a yafe. Na hana shi, kuma ina hana ku duka, ko bayan raina. Kada wanda ya kira ta don ya roƙa mini, kada wanda ya ce ta cika riƙo. Na ɗauke mata aikinta da garinta, yanzu na ɗauke mata Innar da uwarta ta roƙe ni in bar mata, kuma har yau ban sani ba ko don ita na faɗa ko don in sauke wa kaina kaya kafin kabari. In ta kira ina raye, ku tashe ni ko barci nake. In ta kira na riga na tafi, ku ce mata ban yi fushi da shirunta ba, nawa ya fi nata tsawo.